Gobe Da Nisa: Yaushe Muka Daina Sanin Sunayen Macizanmu?

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, ramuka suka cika, to lokacin baƙin da ba a gayyata ba ya yi. Za a tarar da su a bayan randa, ko a ƙarƙashin rumbu, ko cikin tarin itacen girki, ko a gindin dangar kara, wani lokaci har cikin takalmin ɗan makaranta. Galibinsu ƙanana ne, ba su wuce kamu guda ba, wasu ma taƙi ɗaya ne rak. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: ihu da sanda da jifa, sannan yara su rataya gawar a kara su zagaya unguwa da ita. Amma in ka tsaya ka tambayi taron cewa wane iri ne aka kashe, amsar da za ka samu a yau ba za ta wuce, "Maciji ne mana, Malam" ba.

Ni ɗalibin harshe ne, kuma ta wannan kafa nake kallon lamarin. A ganina wannan amsa alamar talauci ce, talaucin kalmomi, wanda kuma ba a littafi yake tsayawa ba, yana bin manomi har gadon asibiti. Mutumin da bai san sunan abin da ya sare shi ba, bai san abin da zai jira ba, bai san abin da zai gaya wa ma'aikacin lafiya ba, bai kuma san ko allurar da aka sa shi ya sayar da akuya ya saya ita ce ta dace da shi ba.

Alhali kuwa Hausa ba ta rasa kalmomin nan ba. Ita kanta kalmar "maciji" daga aikatau "ciza" aka ƙira ta, kamar yadda aka ƙiri "manomi" daga "noma", wato mai cizo. Abin sha'awa, Bahaushe ya sa masa suna da cizo, amma in abin ya auku ba kasafai yake cewa ya cije shi ba, sai ya ce ya "sare" shi, kamar dai gatari ne ko takobi. In dare ya yi kuwa, sunan ma gaba ɗaya ake ajiyewa, a koma "igiya" ko "igiyar ƙasa", don gudun kada a kira shi ya amsa. A ƙarƙashin wannan babban suna kakanninmu sun jera wasu: kasa, kububuwa, kumurci, gamsheƙa, mesa, tsadaraki, damatsiri, bida, tandara, gajera. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai ga cewa mutanen da suka ba waɗannan Turawa kalmomi sun san dajinsu ciki da bai. A yau sunayen sun fi rayuwa a cikin karin magana fiye da cikin gona. Ɗalibina zai gaya maka cewa wane yana barcin kasa, ko wance macijin ƙaiƙayi ce, amma ka nuna masa hoton kasa da na ɗan mesa ka ce ya bambanta, sai ya soma sosa ƙeya. Kai, a wannan zamani macijin da ya fi kowane suna a Nijeriya shi ne wanda aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB na Makurdi a 2018, shi ma har yau ba a gaya mana ko wane iri ne ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki waɗannan ƙananan hukumomi uku shi ne madatsar ruwa ta Bakalori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala gina ta a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da niyyar ta tara ruwa kubik mita miliyan 450, ta shayar da hekta 23,000. Tarihinta akwai ɗaci, domin ba a manta da jinin manoman da aka zubar a watan Afrilu na 1980 a kan rikicin diyya ba. Amma akwai wani sauyi da ta kawo wanda ba a cika magana a kansa ba. Ƙasar da a da take bushewa ƙayau wata bakwai a shekara, ta koma mai ruwa rani da damina. Inda ruwa ya kwanta akwai kwaɗi, inda shinkafa da masara suka nuna akwai ɓeraye, kuma kwaɗo da ɓera su ne tuwon maciji. Saboda haka manomin Bakalori ba shi da lokacin hutu da macizai irin na manomin tudu. Yana ban-ruwa da asuba ko da daddare, yana yankan shinkafa da lauje hannunsa cikin duhuwa, yana ɗaga damin da ya kwana a gona, galibi da silifa ko ma ƙafa ba takalmi. In akwai wanda ya kamata ya san sunayen macizai kamar yadda ya san sunayen irin shinkafa, to shi ne.

Bari mu fara da wadda ta fi kowa ɓarna, kuma ta fi kowa ƙanƙanta a cikin masu kisa, wato kububuwa. Ba ta cika wuce kamu guda ba. Launinta na ƙasa ne, ruwan toka ko ja-ja, da ɗigo-ɗigo farare masu kama da idanu a jere a jikinta. Kanta ya fi wuyanta faɗi, wutsiyarta gajera ce, fatarta kuma tana da kaushi, ba ta sheƙi. Babbar alamarta ita ce in ta ji motsi ba ta gudu, sai ta lanƙwashe jiki ta riƙa goga shi da juna, ya ba da wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kan tanda mai zafi. Wanda ya ji wannan sauti a kusa da ƙafarsa da daddare, to ya ja da baya kafin ya nemi tocila. A wurare masu ƙarancin ruwa, wajen iyakarmu da Nijar, akwai 'yar'uwarta mai farin ciki fes, amma hali ɗaya ne, dafi ma kusan ɗaya.

Kirarin da Bahaushe ya yi mata shi ne "gobe da nisa", wato wanda ta sara ba zai ga gobe ba. Suna ne mai kyau, mai tsoratarwa, kuma a matsayina na mai nazarin harshe ina jinjina wa wanda ya ƙirƙiro shi. Sai dai sunan yana ɗauke da kuskuren da nake ganin ya kashe mutane da yawa. Kububuwa ba ta cika kisa a dare ɗaya ba. Abin da dafinta ke yi shi ne ya cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, har jinin mutum ya koma kamar ruwa. Ranar farko ƙafa ce kawai za ta kumbura tana zogi. Gari ya waye mutum na nan da ransa, yana shan kunu, yana amsa gaisuwa, sai 'yan'uwa su ce alhamdu lillahi, an ga goben, ashe ba ita ba ce, ko kuwa maganin mai magani ya ci. Daga nan ne jini zai soma tsattsafowa daga dasashi, daga tsohon miki, daga tsagar da aka yi masa a wurin saran, ya fito a fitsari ko amai. Mace mai ciki tana iya yin ɓari jini ya ƙi tsayawa. Wani kuma sai bayan kwana uku, ko biyar, ko fiye da mako, ya ce kansa na ciwo, ya faɗi, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Wannan bayani ba daga wata ƙasa aka kawo mana shi ba. Likita David Warrell da abokan aikinsa sun yi nazarinsa ne a nan Arewa lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, suka buga rahoton majiyyata 115 a 1977. Abin da aka sani shi ne, in ba a yi allurar da ta dace ba, cikin kowane mutum goma da dafinta ya shiga jikinsu, ɗaya ko biyu kan rasu. In an yi kuwa, da wuya a rasa biyu cikin ɗari. Don haka duk wanda zai koya wa yaro sunan gobe da nisa, ya haɗa masa da cewa ganin goben ba tsira ba ne.

To, amma ba duk mai ɗigo-ɗigo mai goga jiki ne kububuwa ba. Akwai wani bawan Allah da ba ya cin komai sai ƙwan tsuntsaye. Yakan haɗiye ƙwan ɗungurungum, wasu ƙasusuwa a maƙogwaronsa su fasa shi, ya shanye ruwan, ya amayo ɓawon. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Da yake ba shi da makami, sai Allah ya ba shi rigar aro: launinsa irin na kububuwa, yana lanƙwashewa kamarta, yana fitar da sautinta, har ya kai sara da buɗaɗɗen bakin da ba komai a ciki. Bambancin shi ne kansa ƙarami ne, kusan kauri ɗaya da wuyansa, jikinsa kuma ya fi tsawo da siranta. Ban ce mai karatu ya durƙusa ya auna ba. Abin da nake so a riƙe shi ne akwai irin wannan, domin zai yi mana amfani in mun zo maganar masu magani.

Haka nan akwai macijin da ya fi kowane yawan shiga gidaje, mai ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, mai santsi da sheƙi, wani da siraran layuka biyu masu haske a gefen kansa. Ɓera yake bi, ya naɗe shi ya matse, ba shi da dafi ko kaɗan. Duk rumbun da yake zagayawa ya sami mai gadi kyauta. Shi ne kuma ya fi shan sanda. Manomin da ke kukan ɓeraye sun gama masa da hatsi, sau da yawa da hannunsa ya kashe kyanwar da ba ya ciyarwa. Tsadaraki, dogon siriri mai layi-layi da ke wucewa kamar walƙiya da rana tsaka yana bin ƙadangaru, shi ma ba abin tayar da hankali ba ne. In ya sari mutum iyakarta ɗan kumburi. Koren nan da ake gani a kan bishiya ko a bakin ruwa, wanda ake kira damatsiri, akasarin irinsa ba su da dafi, sai dai akwai wani kore mai manyan idanu da gajeren kai wanda dafinsa ke tsinka jini, saboda haka kore ma kallo ne nasa daga nesa.

A nan ya kamata in ja kunnen matasanmu masu ɗaukar ilmi a wayar hannu. Ana yawo da wata ƙa'ida a intanet cewa maciji mai dafi shi ne mai kai kamar kusurwa uku da ƙwayar ido a tsage irin ta kyanwa, mai zagayayyen ido kuma lafiya lau ne. Wannan ƙa'ida don macizan Amurka aka yi ta, can ma ba ta game duka ba. A ƙasarmu ƙarya ce mai hatsari. Kumurci da gamsheƙa zagayayyen ido gare su. Mesa da wancan mai gadin rumbu kuwa idonsu a tsage yake. Macizai da dama marasa dafi suna baje kai in sun tsorata don a ɗauka su wasu ne. Aron ƙa'ida kamar aron kalma ne, in ba a gwada ta da ƙasar da za ta zauna ba, sai ta zo da ma'anar da ba a nufa ba.

Wurin da ruɗanin suna ya fi tsanani shi ne ƙananan baƙaƙen macizai masu zama cikin ƙasa, waɗanda fartanya ke tonowa ko ruwan sama ya koro. Akwai bida, mai santsi kamar an shafa mata mai, idanunta ba su ko ganuwa, wutsiyarta da kanta kusan kama ɗaya, shi ya sa yara ke cewa kai biyu gare ta. Gara da tururuwa take ci, bakinta ma bai isa ya kama fatar mutum ba. Amma akwai wani da ke zaune a irin wurin da take zaune, baƙi wuluk, mai sheƙi, ba wuya, ƙananan idanu, wutsiyarsa ta ƙare da ɗan tsini kamar ƙaya. Masana na kiransa Atractaspis. Shi wannan dogayen fiƙoƙi gare shi, kuma ba ya buɗe baki in zai yi sara. Fiƙa ɗaya yake zarowa ta gefen baki ya soka ta baya. Ma'ana, riƙon da gardawa ke yi wa maciji a bayan kai ba ya aiki a kansa, yatsan mai riƙon zai samu. Saransa na da azabar zogi, yana iya ruɓar da yatsa har a yanke, kuma allurar da ake da ita a asibitocinmu ba a yi ta dominsa ba. Na sha jin mutane suna kiran waɗannan halittu biyu da suna ɗaya. In suna ɗaya ya haɗa marar cutarwa da mai cin yatsa, to yaron da aka gaya wa cewa "wannan ba ta komai" yana cikin hatsari. Hukuncin da ya fi sauƙi shi ne, ƙaramin baƙin maciji ba a ɗaukarsa da hannu, ko da an rantse maka cewa bida ce.

Akwai kuma wani gajere mai alamar bakin kibiya a bisa kansa, mai son kwaɗi, wanda saboda haka ba ya nisa da hanyoyin ruwa da bayan gidaje masu danshi. Saransa na kumbura ƙafa ya hana aiki kwanaki, amma da wuya ya yi kisa.

Kada kuma ƙanƙanta ta ruɗe mu, domin wani ƙaramin ba ƙaramin iri ba ne, jariri ne. Kasa ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, takan zubo 'ya'ya ashirin ko talatin ko fiye a lokaci guda, kowanne bai wuce taƙi ba, kowanne kuma da dafinsa tun ranar farko. Kamarsu ɗaya da uwar: gajeru, masu kauri, da faffaɗan kai da zane kamar an jera bakin kibiya a gadon baya. Wanda ya ga ɗaya a kusa da gida ya san akwai saura. Ɗan kumurci ma daga fasa ƙwai yake iya fasa kai ya yi tsartuwa.

Zancen kumurci da gamsheƙa kuwa, na gwada tambayar dattawa a wurare daban-daban, kowa da yadda yake raba su. Wani ya ce kumurci ne baƙi mai tofi, gamsheƙa ce mai fasa kai ba ta tofi. Wani ya juya maganar. Wani ya ce mace da namiji ne. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mai nazarin karin harshe, domin Bazamfare da Bakano ba su taɓa yin taro sun daidaita sunayen dabbobi ba. Amma ga likita bambancin babba ne. Mai tofin, baƙi mai jan faci a maƙogwaro, yana shiga ɗaki da dare neman ɓera ko 'yan tsaki ya sari mai barci a tabarma. Dafinsa nama yake ruɓarwa, in kuma ya fesa shi a ido, daga nisan taku biyu ko uku, magani na farko shi ne a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi asibiti. Wanda ba ya tofin kuwa jijiyoyi yake kashewa: fatar ido ta soma faɗuwa kamar mai jin barci, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya. Wannan shi ne ainihin wanda goben mutum ke yi wa nisa a kansa, domin sa'o'i kaɗan yake bukata.

Yanzu mu dawo kan masu maganin gargajiya, kuma ina roƙon a fahimce ni, domin ba raini nake nufi ba. Da yawansu sun fi ni da kai sanin daji. Sai dai lissafi ne mai sauƙi. Cikin mutanen da ake kai wa mai magani, wasu macizai marasa dafi ne suka sare su, irin mai shan ƙwai da mai gadin rumbu. Wasu mai dafin ne, amma bai zuba dafin ba, abin da ke faruwa sau da yawa. Wasu kuma irin mai alamar kibiya ne, wanda ko an bar shi zai sace da kansa. Duk waɗannan za su warke, ko da ruwan randa aka ba su. Da yake ba wanda ya tantance irin macijin, kowane ɗayansu zai koma gida yana shaidar cewa an cire masa dafin gobe da nisa. Wanda kububuwar gaske ta zuba wa dafi kuwa, shi ne za a tsattsaga wa ƙafa da aska, a yi masa ƙaho, a ɗaure cinyarsa da roba tamau, alhali jininsa ba ya daskarewa. In ya cika a kwana na huɗu, sai a ce kwana ne ya ƙare. Rashin suna shi ke rufa wa maganin da ba ya aiki asiri.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne suna ya taɓa yaudara. Masu Latin ma sun sha. Shekaru da dama masana suna kiran kububuwarmu da ta ƙasar Indiya da suna ɗaya, Echis carinatus, kafin a gane cewa iri daban-daban ne, dafinsu ma ya bambanta. Sakamakon haka aka riƙa shigo da allurar da aka haɗa da dafin ta Indiya ana sayarwa a Afirka ta Yamma, ga sunan a jikin kwalba, amma ba ta aiki. Wani rahoto da aka buga a 2008 daga wani asibitin karkara a Ghana ya nuna cewa da aka koma irin wannan allura, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Wannan na cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta haɗa kai da masana na Ingila aka riƙa kai macizanmu ana tatsar dafinsu, aka samar da EchiTAb-G da aka yi a Birtaniya, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika, aka gwada su a kan mutum 400 a Kaltungo ta Jihar Gwambe, aka buga sakamakon a 2010. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Garba Habib na Jami'ar Bayero sun ba da shekaru a kan wannan fage. Abin lura a nan shi ne, ta farkon don kububuwa kaɗai aka yi ta, ta biyun kuma ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. Ashe ko a gaban kantin magani tambayar nan ta "wane iri ne?" tana nan tana jiran mutum.

In ba a ga macijin ba fa, kamar yadda yakan faru da dare? A nan jikin majiyyaci ne ke faɗin sunan. Akwai gwajin da ba ya bukatar lantarki ko na'ura: ma'aikacin lafiya ya ɗebi jini kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ya ajiye minti 20, sannan ya karkata ta. In jinin ya zubo kamar ruwa, to dafi mai tsinka jini ya shiga, a ƙasarmu kuwa kububuwa ce ake fara tuhuma, kuma allura ta wajaba ko da mutum yana dariya. Ana maimaita gwajin bayan sa'o'i, domin na farko yana iya fitowa lafiya. Babu dalilin da zai hana kowane ƙaramin asibiti daga Jangebe zuwa Faru sanin wannan. Aikin 'yan'uwa kuwa shi ne su janye mutum daga wurin, su cire masa zobe ko warwaro ko duk abin da zai matse in kumburi ya zo, su hana gaɓar motsi, su ɗauke shi kada ya taka, su nufi asibiti. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri, ba baƙin dutse. In zogi ya yi yawa a ba shi farasitamol, a guji asfirin da dangoginsa na ciwon jiki da ake saya a teburin mai shayi, domin suna ƙara tsinka jini. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Hoto daga nesa ya wadatar. In kuma an riga an kashe shi, a ɗauko shi da sanda cikin buhu, domin kan da aka sare yana iya sara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, ta kuma ɗauki alkawari a 2019 na rage wannan da rabi kafin 2030. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce ana samun sara kimanin 20,000 da mutuwa kimanin 2,000 a Nijeriya duk shekara. Waɗannan alƙaluma na waɗanda aka ƙirga ne. Manomin da ya cika a ƙauye a bayan Maradun, aka yi masa sutura kafin azahar, ba ya shiga littafin kowa. Matsalar tsaro da ta addabi Zamfara fiye da shekara goma ta ƙara dagula lamarin, domin maciji yakan yi sara da dare, hanya kuma da dare ta fi hatsari, ga waɗanda aka raba da gidajensu suna kwana a ƙasa a kangaye da makarantu. Kaltungo kuwa, inda ƙwararrun suke, tafiyar yini guda ce cur daga Mafara.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar biliyoyi. Tun 1916 wani likita mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya haɗa kowanne da sunansa na kimiyya, har yau ana cin moriyar aikin. Macizan yankinmu ma an yi musu littafi mai hotuna, wanda Trape da Mane suka fitar a 2006, sai dai da Faransanci yake, manomin Bakura kuwa bai yi alkawari da Faransanci ba. Kuma ba za a ce a kwafo daga wani wuri ba, domin kowace ƙasa da macijinta: binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna kububuwa ce ke addabar kwarin Binuwai, amma a Malumfashi kumurci mai tofi ne kan gaba. A Talata Mafara akwai Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, a Bakura akwai Kwalejin Aikin Gona, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Me zai hana malamin Hausa ɗaya da malamin ilmin dabbobi ɗaya da likita ɗaya su ɗauki ɗalibai goma da hotuna masu kala, su zauna da mafarauta da gardawa da Fulani makiyaya da tsofaffin manoma, ƙauye bayan ƙauye, a nuna hoto a tambayi suna, a rubuta yadda aka faɗe shi da bakin wurin? Inda suna ɗaya ya hau iri biyu a nuna, inda iri ɗaya ya ɗauki suna uku a nuna. A haɗa da sunayen Fulatanci, domin yaron da ke bin shanu cikin ciyawa yana cikin waɗanda suka fi shan sara.

Daga wannan aiki sai a fitar da takarda guda mai hotuna goma sha biyu, da boko da ajami, a liƙa ta a kowane ɗakin shan magani da makarantar firamare da ofishin ƙungiyar masu ban-ruwa, gidan rediyon jiha kuma ya karanta ta kafin faɗuwar damina da kuma gab da kaka. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta tabbatar akwai allurar da aka gwada a kan macizanmu a manyan asibitocin garuruwan nan uku kafin watan Yuni, ba bayan an fara jana'iza ba. Masu rabon taki da injin ban-ruwa lokacin siyasa su ƙara da dogon takalmin roba da tocila. Gidan sauron da ake rabawa don zazzaɓi ma, in an soke bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, yana tare mai shigowa da dare, kamar yadda wani bincike a ƙasar Nepal ya nuna a 2007. Dattawan da ke iya duban sawu a kan rairayi su ce wannan kasa ce ta wuce, wannan kuma tsadaraki, yawancinsu sun haura saba'in, kuma wasunsu suna zaune yanzu a gidajen 'yan'uwa a cikin garin Mafara, inda ɗalibi zai iya isa gare su da kuɗin acaɓa.